Mutumin da Ya Zo Karɓar Azarar Kakansa

A wani ƙauye na bakin fadama akwai wani mutum, manomi, mai gida da iyali da rumbuna cike. Ba mugu ba ne. Yana ba da baikonsa a majami'a, ba ya fashin sujada, in an yi rashi shi ne na farko a wurin haƙa kabari. Abu ɗaya ne ya dame shi, ya kuma dami duk wanda ya zauna kusa da shi, wato kakansa.

Ka ce masa barka da asuba, kafin ku rabu kakansa ya shigo zancen. Ka tambaye shi kuɗin taki a kasuwa, sai ya gyara murya, ya ɗaga yatsa sama, ya ce, "Ehem. A zamanin kakana, wanda ya sare giginyoyinsa aka rufa majami'ar nan da su..." Daga nan kuma sai ka nemi wurin zama, don ba yanzu za ka tafi ba. Har mutanen ƙauyen suka daina kiran sunansa, sai dai Jikan Mai Giginya. Da labarin sunan ya kai kunnensa bai ji haushi ba. Daɗi ma ya ji.

Amma kada mu yi saurin yi masa dariya. Bari in shigar da ku majami'ar tukuna, ku ga abin da yake taƙama da shi.

Waɗanda suka gina ta 'yan kaɗan ne. Sun karɓi bishara a lokacin da karɓarta ke raba mutum da danginsa. Aka ce su tashi, suka tashi, suka zo suka sauka a wannan fili, inda babu kowa sai giginyoyi da kwaɗi. Ba su da kwanon rufi, ba su da siminti, ko ƙusa guda ba su da ita. Ƙasa suke da ita, da hannuwa. Suka haƙi ƙasa, suka kwaɓa ta da ƙafafunsu, suka mulmula tubali ɗaya bayan ɗaya, maza da mata, suna waƙa. Ramin da suka bari ya zama kududdufi. Da damina ta cika shi, a cikinsa aka yi wa 'ya'yansu baftisma.

Kaurin bangon daga ƙasa, babban mutum zai kwanta a kai ya miƙe ƙafa bai kai ƙarshensa ba. Ka shigo da tsakar rana a bazara, gumi na tsiyaya daga haɓarka, sai ka ji sanyi ya tarye ka a bakin ƙofa kamar ka leƙa cikin sabuwar randa. Tagogin ƙanana ne, can sama, haske na saukowa ta cikinsu a miƙe, ya tsaya a daɓen kamar an dasa shi. Sa'an nan ka ɗaga kai.

Babu ginshiƙi. Ko ɗaya. Duk faɗin ɗakin nan, da nauyin ƙasar da ke kansa, ba abin da ya tokare shi daga tsakiya. Daga jikin bango wasu manyan bakuna ke fitowa, irin waɗanda magina ke kira bakan gizo. Kowanne ya taso daga wannan gefe, ɗan'uwansa ya taso daga wancan, su yi ta hawa suna sunkuyowa, suna sunkuyowa, har su haɗa kai can ƙololuwa, inda aka manna wata tsohuwar tasa ta tagulla. An shafe su sumul da farar ƙasa, kowane baka kamar itace guda da aka tanƙwara. Kusan shekara ɗari ke nan suna tsaye a haka, bisa kawunan masu baftisma da amare da gawawwaki. Baƙo zai shigo da surutunsa, sai ka ji muryarsa ta ragu da kanta, hannunsa ya kai ga hularsa ba wanda ya ce masa ya cire. Kuma magina masu irin wannan hannu sun ƙare a ƙasar. In ta faɗi, ta faɗi ke nan.

Gidan fasto kuwa a gabas yake, manne da bangon majami'a, ya ɗan fi ta gajarta. Da gangan suka sa shi a nan. Hadari daga gabas yake tasowa, suka ce bari ruwa ya fara dukan gidan makiyayi kafin ya taɓa ɗakin Ubangiji. Shi ya sa duk faston da aka turo, daminarsa ta farko a jan gado yake ƙare ta, daga wannan kusurwa zuwa waccan, matarsa na bin sa da kwanoni tana tara ɗigo. Amma ba a taɓa jin wanda ya nemi a mayar da gidan yamma ba.

To, ana nan sai ɗaya daga dattawan ikilisiya ya rasu, aka sa ranar zaɓen wanda zai gaje shi. Al'adarsu ita ce, bayan sujada a fita fili, waɗanda aka ambata su tsaya a gaba, kowa ya je ya tsaya a bayan wanda yake so. Mutum biyu aka ambata. Ɗaya mutumin namu. Ɗayan kuwa wani mai noman albasa ne, sunansa Barnaba, mutum mai sanyin magana, wanda kakansa ya zo ƙauyen da tabarma ɗaya a kafaɗa, ya yi ƙodago a gonar Mai Giginya har ya mutu.

Jikan Mai Giginya ya tsaya ya harɗe hannuwa a baya, yana kallon sama, yana jin takun ƙafafu na wucewa, yana murmushi. Da aka ce a juya, ya juya.

Matarsa Bilhatu na nan. 'Ya'yansa na nan, kansu a ƙasa. Sai wani tsoho kurma, wanda ya ɗauka layin kunu ne, har da kofinsa a hannu. Sauran ƙauyen kaf suna bayan Barnaba, layin ya tanƙwara ya zagaya bishiyar da aka rataye ƙararrawa.

Mutumin ya tafi gida. Tuwo bai ci ba. Ya yi ta zagaya tsakar gida yana rantse-rantse, kaji na watsewa a gabansa.

Bilhatu ta ce, "Baban Kefas, ka zauna mana. Dattijo aka zaɓa, ba sarki ba."

Ya ce, "Jikan ɗan ƙodago! A ƙarƙashin itacen kakana! Me kakansa ya kawo? Ki faɗa mini, me ya kawo? Tabarma?"

Ta ce, "Ban sani ba, ba a haife ni ba. Kai ma haka."

Bayan 'yan kwanaki ya yi sallama a zauren fasto, dattawa na zaune. Faston tsoho ne, doguwa ce maganarsa don a hankali take fitowa, kuma kome aka kawo masa, ko haihuwa ko gobara, da "To, to, to" yake farawa.

Mutumin ya ƙi zama. Ya ce, "Baba Fasto, na tashi daga ikilisiyar nan. Zan gina tawa a ƙofar gidana, ni da iyalina. Na zo karɓar azarar kakana."

Yanzu sai in bayyana muku, don yaran da suka tashi a ƙarƙashin rufin kwano ba za su gane ba. Azara ita ce itacen giginya da aka tsaga, da ita ake rufin soro. Gara ba ta cin ta, ba ta ruɓewa, takan ga jika da tattaɓa kunne. Saboda haka a ƙasar nan, in mutum zai yi ƙaura, yakan bar bango ya koma ƙasa, amma sai ya fasa rufin ya zare azararsa ya tafi da ita. Ba mai hana shi, ko dagaci. Kuma don kada ta wani ta cakuɗe da ta wani, kowane gida mai hali yana da shaidarsa da ake ƙonawa da ƙarfe a gindin itacen. Ta gidan Mai Giginya sawun kaza ce, har yau tana nan a rufin tsohon soronsu.

Dattawa suka ɗauki salati irin namu. "Wayyo Yesu!" Wani ya ce, "Abin da aka ba Allah ake karɓa?"

Mutumin ya ce, "Wa ya ce bayarwa ya yi? Kana wurin? Aro ya bayar. Babban bakan da ke bisa bagade, tun daga gindi har tasa, giginyar kakana ce. Shi kaɗai nake so. Sauran ku riƙe, na bar muku sadaka."

Wani dattijo ya ce, "In ka zare shi ai rufin duka zai sauko!"

"Sai sabon dattijonku ya tare da ka."

Barnaba na zaune a gefe, bai ɗago ba.

Fasto ya daɗe yana kallon yatsun ƙafarsa. Ya ce, "To, to, to. Al'ada ce, ba ni na kawo ta ba, ba ni zan kashe ta ba. In na hana ka da ƙarfi, majami'a ta tsaya, kai kuma na rasa ka har abada, da kai da gidanka. Ka zo ka ɗauki naka. Amma naka fa. Wadda ke da shaidar kakanka, taka ce. Wadda ba ta da ita, ta wani ce, kada ka taɓa."

Ya ce, "Ehem. Ai duka namu ne."

Kada ku ɗauka tsohon ya san abin da ke cikin bakan nan. Bai sani ba. Ba mai rai da ya sani, tun ranar da aka shafe shi ba a sake buɗewa ba. Da mutane suka watse, ya bi ta 'yar ƙofar da ta haɗa gidansa da majami'a, ya tsaya a ƙarƙashin bakan shi kaɗai, yana duban sa kamar yadda mutum ke duban mahaifinsa a gadon asibiti.

Ranar da aka sa, da hantsi, ƙauyen duka ya hallara. Aka fitar da bencina, aka ɗauke teburin bagade. Matan ƙungiyar zumunta suka jeru a jikin bango suna share hawaye da bakin zane. Mutumin ya shigo da dogon tsani a kafaɗa da gizago a hannu, ya jingina tsanin a jikin babban bakan. Daɓen kuwa santsi gare shi, ƙafafun tsararraki sun goge shi. Ya taka matakin farko, tsanin ya zame.

Ya waiga. "Wani ya riƙe mini."

Wannan ya dubi taga, wancan ya shiga gyaran hula. 'Ya'yansa ma sun ɓuya a bayan mutane.

Sai Barnaba ya fito, ya naɗe hannun riga, ya dafa tsanin.

Mutumin ya ce, "Kowa ma, ban da kai."

Barnaba ya ce, "Yaya, ba kowa. Ka hau. In ka faɗo, da wane baki zan gaya wa Maman Kefas?"

Daga cikin mata Bilhatu ta ce, "Riƙe shi, Malam Barnaba. Shi kaɗai gare ni, haka nan nake maneji."

Wasu suka yi dariya cikin kuka. Mutumin ya yi tsaki, ya hau.

Ya kai inda bakan ya fara rabuwa da bango yana shiga sarari, ya ɗaga gizago, ya sara. Ƙarar ta zagaya ɗakin ta dawo. Wata tsohuwa ta toshe kunne. Farar ƙasa ta zubo, jar laka ta bayyana, da ciyawar da aka kwaɓa ta da ita, har yanzu ruwan zinariya kamar bara aka yanko. Wani ƙamshi ya fito daga ramin, irin na ƙasa a ranar ruwan farko. Ya ɗan dakata. Ya sake sara.

Gizago ya ce ƙwal. Itace.

Ya share da tafin hannu. Azara ce, jajir, mai tauri kamar ƙarfe, ga sawun kaza a gindinta raɗau.

Ya yi ihu, "Ga ta! Baba Fasto, ga ta! Sawun kaza! Wa ya ce ƙarya nake yi?"

Fasto ya ce, "To, to, to."

Mutumin ya kama itacen da hannu biyu ya ja. Ko motsi. Ya sake ja har tsanin ya yi ƙara, Barnaba ya sa ƙirji ya danne. Mutumin ya ce a ransa, bari in bi ta in ga inda ta kama. Ya ci gaba da ɓamɓare laka yana bin ta sama, yana jiran ya ga doguwar giginya ta tafi har tasa.

Ba ta je ko'ina ba. Tsawonta bai fi tsayin mutum ba, ta ƙare. A inda ta ƙare an ɗaure ta tam da igiya, zagaye bisa zagaye, igiyar ba ta saki ba ko kaɗan. An ɗaure ta ne da wata azarar, wadda ta ɗan fi ta leƙawa cikin sarari. Ya duba gindin wannan. Tsaga biyu. Shaidar wani gida ce. A bayanta ga wata mai da'ira. Ga wata sawun kaza kuma. Ga wata mai shaidar da bai taɓa gani ba, ta gidan da wataƙila ya ƙare tuntuni.

Ashe bakan ba itace guda ba ne. Guntaye ne. Gajerun sanduna, wannan kwance a kan wannan, kowace ta ɗan wuce 'yar'uwarta da kaɗan, an ɗaure, an shafe, an jira ta bushe, an ɗora wata. Haka suka yi ta rarrafawa cikin iska, daga bango biyu, ba abin da ke ƙarƙashinsu, har suka haɗu.

Gumi ya karyo masa. Amma taurin kai bai sake shi ba tukuna. Ya ce bari ya ga abin da ke riƙe da ta kakansa daga ƙasa, ko zai kwance ta daga can. Ya sa gizago a hankali yanzu, kamar mai tonon gyaɗa.

Wadda ke ƙarƙashin baƙa ce.

Ba irin baƙin tsufa ba. Ya shafa, yatsunsa suka fito baƙi ƙirin. Ya kai hanci. Kunkunniya ce, baƙin hayaƙin da ke taruwa a rufin ɗakin da ake hura wuta a ciki shekara da shekaru. 'Yar siririya ce, a karkace, irin wadda mai hali zai jefar. Ya juya ya nemi shaida a gindinta, babu. Mai ɗaki ɗaya me zai sa wa shaida? A tsakiyarta kuwa ga wani ɗan ƙulli na tsohuwar igiya yana reto, guntun ragaya, inda wata mace ta taɓa rataye ƙwaryarta.

A bayan wannan baƙar sandar azarar kakansa take kwance, kamar goyo.

Ya leƙa cikin ramin, ya bi bakan da ido zuwa sama iyakar inda haske ya kai. Ga wata baƙa. Ga wata. Yadda bakan ke ƙara nisa da bango, inda hatsarin ya fi yawa, haka jajayen ke raguwa, baƙaƙen ke ƙaruwa.

Ya daɗe bai motsa ba, har mutane suka fara duban juna.

Barnaba ya ɗaga kai. "Yaya, lafiya? Jiri ne? Sauko ka sha ruwa."

Muryar da ta sauko daga tsanin ba mai gyaran murya ba ce. Ƙarama ce. Ya ce, "Akwai azara a nan mai kunkunniya. Da yawa. Har da guntun ragaya a jikin wata."



Fasto ya ce, a wannan karon ba tare da "to" ko ɗaya ba, "Sabon itace ya ƙare musu ke nan kafin bakan ya haɗu. Daga ɗakunan kwana aka ciro waɗannan."

Barnaba na riƙe da tsanin, idonsa a ƙasa. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, "Kakata takan ba mu labari, wai shekarar da aka rufa majami'a, a bukkar kara suka yi damina, tana da jariri. Ruwa na zuba, sai ta kifa wa babana ƙwarya a ka. Mu kuwa mu yi ta dariya, muna cewa a sake ba mu na ƙwarya. Mun ɗauka talauci ne kawai. Ba ta taɓa faɗin inda rufin ɗakinsu ya tafi ba." Ya ƙara da cewa, "Ban ce tamu ba ce, Yaya. Ba shaida."

Daga jikin bango wata tsohuwa ta ce, "Gidanmu ma an yi wannan daminar a bukka. Uwata ta faɗa." Wata ta buɗe baki za ta yi magana, kuka ya riga ta.

Mutumin na tsaye a kan tsani, tsakanin daɓe da rufi. Ya dubi baƙin da ke tafin hannunsa. Ya ɗaga kai ya dubi ƙasar da ke bisa kansa, nauyin da ba mai iya aunawa, yana zaune shiru a kan gajerun sanduna da igiyar hannu. Ya sunkuya ya dubi kawunan da ke ƙasa, furfura da ɗankwali da kitson yara. Tsoron Allah ya kama shi. Waɗancan mutane sun fasa rufin ɗakunansu sun kawo nan. Shi kuma ya zo fasa nan ya kai gidansa.

Ya miƙo gizagon ƙasa, ta ƙota, a hankali. Wani ya karɓa.

Ya ce, "Barnaba."

Tun da suke, bai taɓa kiran sa da sunansa ba.

"Na'am, Yaya."

"Riƙe tsanin nan da kyau."

"Na riƙe."

Ya ɗaga murya. "Bilhatu! A nemo ƙasa a jiƙa. Maza!"

Ta ce, "Tana bakin ƙofa, na rufe da buhu. Tun ranar da ka fara korar kajina na jiƙa ta, har ta nuna."

Mutumin ya miƙo hannu ƙasa yana jiran laka.

Aka yi layi daga ƙofa zuwa gindin tsani, curin laka na tafiya daga hannu zuwa hannu har ya hau. Ya rufe mai tsaga biyu, ya rufe mai da'ira. Ya rufe sawun kaza, bai ko tsaya kallon sa ba. Da ya zo kan baƙar, ya mayar da guntun ragayar ya kwantar a jikinta yadda ya same shi, sa'an nan ya shafe. Rana ta take, gajiya ta kama shi.

Barnaba ya ce, "Yaya, sauko in karɓe ka."

Ya ce, "Ni na buɗe, ni zan rufe. Kai dai kada ka saki."

Barnaba ya ce, "Ba zan saki ba."

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Majami'ar nan mu ne, jama'ar Ubangiji. Azara kuwa kowane ɗayanmu. Abin da mutumin ya gano a kan tsani shi ne abin da ba mu son ji: dukanmu gajeru ne. Ba wanda ya isa ya taso daga wannan bango ya kai wancan shi kaɗai, ko fasto, ko mai kuɗin da ya saya mana janareta, ko mai muryar da in ta ɗauki waƙa tsigar jiki ke tashi. Mafi tsawo a cikinmu, tsayin mutum ne, ya ƙare. Abin da ya sa rufi ke bisa kanmu shi ne an ɗora wani a kan wani, an ɗaure mu da ƙaunar Almasihu, wadda ba ta saki. Sa'an nan alherin Allah ya zo kamar laka ya rufe shaidar kowa, don in an ɗaga kai kada a ga gidan wane ko gidan wance, a ga abu guda mai kyau, a girmama Mai shi.

Kun san muryar mutumin nan, ai. Ba a ƙauyensu kaɗai take ba. "Tunda ba a sa ni ma'aji ba, a ba ni kujerun da na saya." "Ni za a ce in koma layin baya? To, ranar Lahadi su ɗauki waƙar mu gani." "Ai in ba don gidanmu ba, da cocin nan..." Kada ku waiga, ku dubi gabanku. Kowannenmu ya taɓa sa ƙafa a matakin farko na tsanin nan da gizago a hannu. Mun ba Allah abu da murna, ranar da aka ɓata mana rai kuma sai mu ce aro ne.

Baƙaƙen sandunan su ne waɗanda ba a san su ba. Wadda ta hana kanta abinci ta ciyar da mai bishara. Wanda aka kora daga gidan ubansa saboda Sunan, bai kuwa taɓa tsayawa a gaba ya ba da labari ba. Tsohuwar da ke ambaton sunanka cikin addu'a tun kana yawo ba wando, kai kuwa ko gaishe ta ba ka cika yi ba. Ba su da shaida a gindinsu. Amma a inda bakan ya fi nisa da bango, inda faɗuwa ta fi kusa, su Allah ya sa. Ba su ba da ragowa ba. Abin da ke rufe da kansu suka bayar, suka shiga ruwa.

A wurin wa suka koyi haka? A wurin Ubangijinmu Yesu, wanda ya bar gidan Ubansa da dukan ɗaukakarsa, ya zo ya zauna a fili, rana ta duke shi, fushin da ya cancance mu ya zubo a kansa, domin mu mu sami inuwa. Duk wanda ya shiga ƙarƙashin wannan rufi, kyauta ya shiga. Ba mai abin da zai zo karɓa.

Saboda haka, ranar da zuciya ta ce maka ka zare kanka ka tafi, ka dakata tukuna. Ka dubi mutumin nan da ka fi rainawa a cikin sujada, wanda ba ka san me gidansu ya taɓa kawowa ba. Mai yiwuwa a bayansa kake kwance tun kafin a haife ka. Kuma akwai wani, da ba ka sani ba, wanda ke kwance a naka.